Grace Bumbry: mezzo-soprano ce ko soprano?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ci karo da wani tsohon bidiyo a YouTube, wata baƙar fata Ba'amurkiya mai suna Grace Bumbry tana rera waƙa a gaban tarin makaɗa, muryarta har tsigar jikina ta tashi. A ƙarƙashin sunanta an rubuta mezzo-soprano, amma a wani bidiyon sai na ga an rubuta soprano. Wace ce ita, kuma wanne ne daidai? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Duka biyun daidai ne, kuma rabin labarin matar nan yana cikin wannan saɓanin da kika lura da shi.

Abin da kika kalla shi ake kira opera, wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganunsa da waƙa, asalinsa daga Italiya wajen shekarar 1600. Mawaƙin opera ba ya amfani da makirufo. Da ƙirjinsa da numfashinsa kaɗai zai tsallake ƙarar makaɗa sittin ko tamanin, muryarsa ta kai ga wanda ke zaune a layin ƙarshe. Shi ya sa suka kasa muryoyi kashi-kashi. A mata, soprano ita ce mafi siranta da hawa sama, contralto ita ce mafi kauri da sauka ƙasa, mezzo-soprano kuma tana tsakani, domin kalmar mezzo a Italiyanci tana nufin rabi ko tsakiya. Muryar mezzo tana da ɗumi da nauyi, idan ta sauka ƙasa sai ki ji kamar daga cikin ƙirji take tasowa.

Wannan rabon ya wuce batun sauti. Masu tsara opera sun saba ba soprano matsayin budurwar da ake so, wadda sunanta ke kan wasan. Mezzo kuwa sai a ba ta uwa, ko mayya, ko wadda ke kishi da jarumar, wani lokaci ma ta sa wando ta fito a matsayin saurayi. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

An haifi Grace Bumbry ranar 4 ga Janairu 1937 a birnin St. Louis na jihar Missouri. Mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mahaifiyarta malamar makaranta. A coci ta fara waƙa tun tana ƙarama, kuma ganin Marian Anderson, shahararriyar mawaƙiya baƙar fata Ba'amurkiya, a kan dandali tun tana yarinya ya sa mata sha'awar wannan hanya. Tana 'yar shekara 17 ta ci gasar waƙa ta wani gidan rediyon garinsu. Cikin kyautar har da gurbin karatu a makarantar kiɗa ta St. Louis, amma makarantar ta ƙi karɓarta cikin aji saboda launin fatarta. Yarinya ta ci gasa da guminta, a mahaifarta, aka ce ba za ta zauna da sauran ɗalibai ba. Duk lokacin da na zo nan a tarihinta sai raina ya sosu.

Allah bai rufe mata ƙofa ba. Ta fito a shirin talbijin na Arthur Godfrey, ta rera wata waƙa mai wuya daga opera Don Carlo ta Verdi, mai tsara opera ɗan Italiya, daga nan hanya ta buɗe zuwa jami'ar Boston, sannan Northwestern. A can ta haɗu da Lotte Lehmann, shahararriyar mawaƙiya Bajamushiya da ta bar Turai a zamanin Hitler. Lehmann ta ɗauke ta kamar 'yarta, ta tafi da ita Santa Barbara a California, ta koya mata yadda ake tauna kalmar Jamusanci a cikin waƙa da yadda ake tsayuwa a dandali. A 1958 ta ci gasar gidan opera na Metropolitan da ke New York, a 1960 kuma ta fara fitowa a babban gidan opera na Paris, a matsayin Amneris cikin opera Aida.

Sai shekarar 1961, wadda ta sa duniya ta san sunanta. A garin Bayreuth na Jamus akwai bikin da ake yi duk shekara don ayyukan mai tsara opera Bajamushe Richard Wagner kawai, wurin da Hitler ya riƙa halarta yana alfahari da shi. Jikan Wagner, wato Wieland, ya zaɓi Bumbry ta fito a matsayin Venus cikin opera Tannhäuser. Ba a taɓa sa baƙar fata ta yi waƙa a wurin ba. Wasiƙun ƙorafi suka yi ta kwarara, Wieland ya toshe kunnensa, ya ce launin murya kakansa ya rubuta wa waƙa, ba launin fata ba. Daren farko aka yi kusan rabin awa ana tafi, sau 42 ana ɗaga labule 'yan wasa na dawowa gaisuwa. Shekarunta 24 a lokacin. A shekarar da ta biyo baya Jacqueline Kennedy, matar shugaban Amurka na lokacin, ta gayyace ta ta yi waƙa a fadar White House, ita da makarantar garinsu ta ƙi.

Daga nan manyan gidaje suka yi ta rububinta: Covent Garden na Landan a 1963, La Scala ta Milan a 1964, Metropolitan a 1965. Ta yi opera Carmen tare da jagoran makaɗa Herbert von Karajan a Salzburg na Austriya, har aka ɗauka a fim.

Yanzu ga amsar tambayarki. Tana tsakiyar ganiyarta a matsayin mezzo sai ta ce ita ma za ta hau sama. A 1970 ta yi Salome a Landan, a 1971 ta yi Tosca a New York, dukkansu matsayin soprano ne. A 1978 a Covent Garden ta yi abin da ba kasafai ake gani ba: cikin opera Norma ta rera matsayin Adalgisa, wanda aka saba ba mezzo, sannan a cikin wannan zangon wasa ta koma ta rera na Norma kanta, wanda na soprano ne. Masu sharhi suka rabu, wasu na cewa ta faɗaɗa baiwarta, wasu na cewa tana matsa wa murya. Wannan sauyin akwai haɗari a cikinsa, domin mawaƙiyar da ta tilasta wa muryarta zama a sama fiye da gidanta na iya rasa saman da ƙasan baki ɗaya. Ita dai ta tsira, don ta ci gaba da waƙa shekaru da dama bayan haka.

A nawa kunnen, Bumbry ta mezzo ta fi. Saman muryarta yana da kaifi da ƙarfi, ba musu, amma tsakiyar da ƙasan su ne abin da ba kowa Allah ya ba ba. Duk da haka ba na ganin laifinta. Macen da aka hana kujera a aji tana 'yar shekara 17, da wuya ta yarda wani ya sake shata mata iyaka, ko da iyakar murya ce.

An karrama ta da lambar yabo ta Cibiyar Kennedy a 2009, ta kuma shafe ƙarshen rayuwarta tana koyar da matasa. Ta rasu a Vienna ranar 7 ga Mayu 2023, tana da shekara 86.

Idan kina so ki ji abin da nake nufi, nemi kashi na huɗu na Aida. Amneris 'yar sarkin Masar ce, tana son kwamandan yaƙi Radames, shi kuma zuciyarsa na wurin baiwarta Aida. Ana yanke masa hukuncin kisa a ɗakin ƙasa, ita tana tsaye a waje ita kaɗai tana jin muryoyin alƙalai, ta san kishinta ne ya kai shi. Ki kasa kunne ga yadda Bumbry ke fara roƙo can ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kanta, kafin ta miƙe ta la'anci alƙalan da dukkan ƙarfinta. Ki sa abin ji a kunne, don sifikar waya tana cinye ƙasan muryar.