Tambaya da Amsa: Izinin tafiya ta intanet, wa ya shafa, kuma ina ake tuntuɓe?

Tambaya: Wani a unguwarmu ya ce yanzu ba sai da biza ake shiga Ingila ba, wai ta waya ake cike takarda a biya kuɗi kaɗan, kuma zai yi mini idan na ba shi ladan aiki. Fasfon Najeriya gare ni. Gaskiya ne?
Malam, daga Kano

Amsa: Malam, kada ka ba shi ko sisin kwabo. Abin da ya ji labari shi ne ETA, izinin da Birtaniya ta fara da 'yan Qatar a 2023, ta faɗaɗa shi ga Amurkawa da 'yan Kanada a Janairun 2025, sannan 'yan ƙasashen Turai a Afrilun shekarar. An yi shi ne domin waɗanda tun asali ba sa buƙatar biza don gajeriyar ziyara. A da sai su hau jirgi kawai, yanzu kuwa ana so a tantance su tun suna gida. Ke nan ƙarin shinge ne aka yi musu, ba ƙofa aka buɗe wa wasu ba. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana biza zai nema kamar kullum. Fasfon da ke hannunka ake dubawa, ba garin da kake zaune ba.

Tambaya: Ina da fasfon Birtaniya, zan je Amurka bikin 'yar ƙanwata tare da jikokina biyu. An ce sai na yi ESTA, wato izinin tafiya Amurka da ake nema ta intanet. Yaya ake yi? Na taɓa zuwa Sudan ganin dangi a 2019, ko wannan zai kawo cikas?
Hajiya, daga Birmingham

Amsa: Hajiya, kin yi daidai da kika ambaci Sudan, domin nan ne gizo ke saƙar. Dokar Amurka ta ce duk wanda ya shiga Sudan, Iran, Iraƙi, Libiya, Somaliya, Siriya, Yaman ko Koriya ta Arewa daga 1 ga Maris 2011 zuwa yau, ba ya cikin masu tafiya da ESTA, ko da fasfonsa na ƙasar da aka ɗage wa biza ne. An ƙara Kuba ga wanda ya je can daga 12 ga Janairu 2021. Wannan ba hana ki shiga ba ne. Bizar ziyara za ki nema a ofishin jakadancin Amurka, ki je a yi miki tambayoyi gaba da gaba, kuma samun rana yakan ɗauki lokaci, don haka ki fara tun yanzu, kafin ki yanki tikiti. Muna roƙon ki kada ki bari wani ya ce ki ɓoye tafiyar. Fom ɗin yana tambaya a fili, kuma ƙarya a takardar shige da fice tana iya rufe wa mutum ƙofar ƙasar har abada, abin da ya fi rasa biki ɗaya ciwo nesa ba kusa ba.

Jikokin kuwa, idan su ma fasfon Birtaniya gare su kuma ba su je Sudan ba, kowanne sai an yi masa nasa daban, har jariri na goye. A shiga shafin hukumar kwastan da tsaron iyaka ta Amurka, wanda adireshinsa ke ƙarewa da .gov, a ɗora hoton shafin fasfo, a rubuta adireshin masauki a can, a amsa tambayoyin lafiya da na tarihin laifi, a biya da kati. Kuɗin ya tashi daga dala 21 zuwa dala 40 a ƙarshen Satumban 2025. Amsa takan zo da wuri, amma hukumar ta ce a ba ta sa'o'i 72. Izinin na shekara 2 ne, kowane zuwa bai wuce kwana 90 ba, kuma ba a ƙara kwanakin idan mutum ya shiga. Fasfon dole ya zama mai ƙwayar lantarki a bango. Ki kuma sani ESTA izinin hawa jirgi ne kawai, jami'in da ke filin jirgi shi ke da ta cewa a ƙarshe.

Tambaya: Na yi eTA na Kanada bara, an ce shekara 5 yake yi. Na sabunta fasfona na Faransa, a filin jirgi aka ce ba ni da izini. Me ya faru?
Alhaji, daga Marseille

Amsa: Alhaji, izinin yana manne ne da lambar tsohon fasfon. Shekara 5 ɗin ko ranar mutuwar fasfo, duk wadda ta riga zuwa, nan ya ƙare. Ma'aikacin jirgi ba ya duba takardar da ka buga, fasfo yake zura wa na'ura, ita kuma ta tambayi hukumomin Kanada. Sabuwar lamba ba ta da komai a ƙarƙashinta. Sai ka sake nema, dalar Kanada 7 ne, kuma ana buƙatarsa ko da canjin jirgi kawai za ka yi a can.

Irin wannan ƙin yakan faru ma da kuskuren rubutu, musamman harafin O a gurbin sifili, ko harafin I a gurbin 1. Idan amincewa ta zo ta imel, ka gwada lambar da ke ciki da ta fasfonka ɗaya bayan ɗaya. Suna kuma a kwafe shi yadda yake a fasfo: wanda aka rubuta wa Mohammed kada ya sa Muhammad don haka ya saba.

Tambaya: Na ga shafi yana karɓar kuɗin ETIAS na shiga Turai. In biya?
Malama, daga Houston

Amsa: Malama, ETIAS izinin tafiya ne ta intanet da Tarayyar Turai ta tsara wa waɗanda ba sa buƙatar biza; ki dakata ki duba adireshin. Shafin Tarayyar Turai na gaskiya yana ƙarewa da europa.eu, kuma Tarayyar ta sanar da ƙarshen 2026 a matsayin lokacin farawa, don haka a can za ki tabbatar ko an buɗe. Kuɗin da aka yanke yuro 20 ne, na shekara 3, ya shafi ƙasashe 30, kwana 90 cikin kowane 180. 'Yan ƙasa da shekara 18 da waɗanda suka haura 70 za su cike fom amma ba za su biya ba. Shafukan 'yan tsakiya sukan biya talla su fito a saman bincike, su ninka kuɗin, su kuma riƙe hoton fasfonki da lambar katinki.