Na ce ka jijjiga tayar, ban ce ka girgiza ta ba

Ɗazu da na aike ka ka duba ƙafar motar nan ta gaba, sai na hango ka kana kokawa da taya kamar ka kama ɓarawo, har jak yana neman zamewa. Da na tsawata, ka ce, "Oga, ai jijjiga da girgiza duk ɗaya ne." Mai mota yana tsaye, shi ya sa na yi shiru. Yanzu jawo benci ka zauna.

Girgiza ta ƙarfi ce. Ita ake yi wa bishiyar mangwaro don 'ya'ya su zubo, ita ake yi wa kwalbar magani kafin a sha. Jijjiga kuwa, je gida ka kalli yadda innarka take yi wa ƙaninka idan yana rigima a goye: kaɗan gaba, kaɗan baya, ba ta matsa daga inda take ba. Haka idan makulli ya cije a kwaɗo, ko za ka tuge turke, jijjiga shi kake yi har ya saki. Kalmar tana da nata nauyin, don za ka ji an ce zazzaɓi ya jijjiga mutum, ko mai ciki ta yi jijjiga an garzaya da ita asibiti. Amma a garejin nan idan na faɗe ta, ta innarka nake nufi.

Abin da kake nema da ita shi ne wasa, wato ɗan sararin da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe idan sun ci juna. Wani wasan bai kai kaurin farcenka ba. Idan ka girgiza da ƙarfi, mota duka za ta yi lilo a kan jak, shokozoba yana motsi, roba tana lanƙwasa, ta ina za ka ji shi?

Ka ɗaga motar, ka sa mata waigi, kada ka yarda da jak shi kaɗai. Hannu ɗaya a saman taya, ɗaya a ƙasa. Tura sama, jawo ƙasa, sannan ka jawo sama, ka tura ƙasa, a hankali. Ba sai ka zuba ido ba, tafin hannunka ne zai ji wani ɗan "ƙwas, ƙwas" yana dawo maka. Idan ka ji shi, boris ne, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ko boljoyin, wato gaɓar da ke haɗa ƙafar da hannun da ke riƙe da ita. Don ka raba gardama, sa wani ya shiga ya taka birki ya riƙe, ka sake jijjigawa. Wasan ya ɓace, boris ne, don birki ya kame shi. Yana nan, sai ka leƙa boljoyin. Daga nan ka mayar da hannu dama da hagu. Wasan da ke wannan ɓangaren galibi na tayarod ne, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya.

Kada kuma ka haɗa wannan da rawa. Direba zai zo ya ce sitiyari yana rawa idan ya kai gudun 90 ko 100, ya rage gudu ta daina. Sau da yawa wannan balansin taya ne, wato nauyinta bai daidaita ba, ko rim ya lanƙwashe. Na ga yara da yawa sun tura mutum kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sayen kayan ƙafa na dubban nairori, alhali wurin mai balansin ya kamata su tura shi.

Wani wasan ma dole ne a bar shi. Lokacin da nake kamarka, Fijo 504 ɗin da ake haɗawa a Kaduna ce ta cika hanya, amma ni wata tsohuwar bas ce ta koya mini hankali. Irin boris ɗinta na gaba da noti ake saita shi: ka ɗaure har ya zauna, ka ɗan sassauta, ka soka fil. Ni kuwa na ga wasa, na ce ai aibi ne, na danƙara notin iya ƙarfina. Masu bas ɗin ba su kai Kwanar Dangora ba ƙafar ta ɗau zafi, giris ya narke, hayaƙi ya tashi. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai zage ni ba. Ya sa na kwance, na ɗaure, na jijjiga, sau goma sha biyu a tsakar rana, har hannuna ya gane inda ake tsayawa. Motocin yanzu yawancinsu boris ɗinsu a rufe yake zuwa, ba a saita shi. Ka ji wasa ko ƙanƙani, canji ne kawai.

Tashi ka koma kan motar can. Fara da ƙafar hagu, wadda na san lafiyarta ƙalau, don hannunka ya san yadda mai lafiya take. Sannan ka je ta dama, ka dawo ka faɗa mini abin da ka ji.