Kayan Sallah za su tafi Legas: in sa kafur a kwalin?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ɗiyata tana aure a Legas, wata biyu ke nan da haihuwarta, bana ba za ta zo Sallah gida ba. Ina son aika mata cincin, dubulan, alkaki da nakiya, amma robobin ado da na taya a kasuwa sun fi ƙarfina. Bara da na aika, kiyashi ya cika kwalin, cincin kuma ya yi laushi. Maƙwabciyata ta ce in jefa kafur biyu a ciki, ko in ɗan fesa piya-piya kafin in zuba kayan. Raina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya, ya ƙara wa mai jego lafiya. Ranki da bai kwanta ba shi ke da gaskiya, don Allah kada ki yi ko ɗaya daga cikin biyun.

Babu Sallar da za ta zo ban ji wannan shawara ba, kuma kullum hujjar ɗaya ce: "ai kayan suna cikin leda, maganin bai taɓa su ba." Wannan magana ta ishe ni. Farin dunƙulen da ake kira kafur a kasuwa, wanda ake sawa a akwatin tufafi, galibinsa sinadarin naftalin ne. Kin taɓa lura yana ƙanƙancewa har ya ɓace ba tare da ya narke ba? Tururi yake zama. Tururin yana ratsa siririyar leda, mai kuma yana zuƙarsa, cincin da dubulan kuwa a mai aka soya su. Ki ɗora da zafin garinmu, da yakan haura digiri 40 a bazara, ga kwali a but ɗin mota ko saman kaya, tafiyar kusan kilomita 1,000 ta Jega, Yawuri, Kwantagora, Jebba har Ikko. Kwana guda ko fiye cincin yana shan wannan tururi a rufe.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne jaririn. A ƙasar nan akwai mutane da yawa, musamman maza, da aka haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, akasarinsu ba su ma sani ba. Naftalin yana farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini: ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kalar baƙin shayi. A jariri, ciwon shawara mai tsanani yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba a gyarawa. Ko zanen goyo ba a so a adana da kafur, balle abincin uwa mai shayarwa.

Piya-piya kuwa ya fi muni. Yawanci sinadarin dikulobos ne a ciki, irin na Sniper, ana ɗura shi a kwalabe ba suna, ba awo, mai tallan kansa bai san ƙarfinsa ba, amma da bakinsa zai ce miki "da ya bushe shi ke nan." Ƙarya ce. Kwali yana tsotse shi, ya riƙa sakinsa a hankali. Saboda ragowar wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Duk da haka kina shiga kasuwa za ki gan shi a faranti kusa da ashana. Wanda ya ci abin da ya taɓa shi yakan fara da dalalar miyau, amai, zawo da sarƙewar numfashi. In hakan ta faru, asibiti kai tsaye. Manja da madara da ake ɗura wa mutum ba sa karya wannan guba, ɓata lokaci ne kawai, mai amai kuma yana iya shaƙewa.

To me zai hana kiyashi? Rufi. Ƙamshin sukari yake bi, in bai sami kafa ba ba ya shiga. Laushin cincin ɗinki na bara kuma, ina kyautata zaton da ɗuminsa kika ƙulle, ko kika haɗa shi da alkaki. Ki baza shi a faifai ko tire, ki rufa da tsabtataccen ƙyalle, ya huce sarai. Ki tura hannu tsakiyar tulin: in kin ji ɗumi ko kaɗan, da saura. Gumin da kike gani a jikin leda shi ke kawo laushi da fumfuna. Alkaki da dubulan da suka sha ruwan sukari kowanne ledarsa daban, don danshinsu yana komawa kan busasshen kaya. Nakiya ba ta da rigima. Kek mai kirim kuwa ki bar shi a gida.

Ki sayi farar leda mai kauri ta zuba abinci, ban da baƙar leda. Ki matse iskar, ki naɗe bakin a kan wuƙa, ki gifta ta gefen harshen kyandir har ya liƙe, sannan ki sake sa ta a leda ta biyu. Daga nan sai gwangwanin madara ko na Milo da kika wanke, ya sha rana ya bushe ƙarau. Kyauta ne, kuma dubulan ba ya karyewa a ciki. Bokitin fenti da jarkar maganin feshi ba mazubin abinci ba ne, ko sau nawa aka wanke su. Kwalin taliya ko na biskit za ki nema, kada ki karɓi na sabulu ko omo, ƙamshinsu yana kama abinci. Ki cusa dunƙulallun takardu tsakanin gwangwanaye har ki girgiza ki ji shiru, amma jarida kada ta taɓa abincin saboda tawada. Ki bi kowace kusurwa da baki da seletef, har ƙasan.

Ado kuma ba ya cin kuɗi. Telan unguwarku yana da guntayen atamfa da leshi da yake zubarwa. Ki yanka su zagaye, ki rufa kan marfin kowane gwangwani, ki ɗaure da zaren saƙa ja ko kore. Ki sa ƙaramin faifai mai launi a saman kayan, da 'yar takardar barka da Sallah da hannun ƙannenta. Wadda ke jego a Legas, faifan gida zai fi taɓa ranta a kan robar kanti.

Ki rubuta sunanta da lambarta a gefe biyu na kwalin. In ta babbar tasha za ki aika, ki tsaya ki ga inda aka ajiye shi, ki ce wa direba kada ya haɗa shi da jarkar fetur ko buhun taki. In ta gidan waya ne, ki tambayi kwana nawa zai yi, in zai haura mako ki cire alkakin, ki aika cincin da nakiya kawai.