Hukuncin taƙaita abinci da azumi ga mai juna biyu da ke da ciwon sukari

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce a Tudun Wada, cikin garin Gombe, cikina wata bakwai. A wurin awo aka gano ina da ciwon sukarin da ke zuwa da juna biyu, aka ce in rage tuwon shinkafa da masa da kayan zaƙi, in riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Surukata tana ganin tauye wa jariri ake yi, ni kuma ina son in yi azumin Ramadan ko na rage ƙiba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ki lafiya, ya sauke ki lafiya.

'Yar'uwa, bin tsarin abincin da likita masani ya ba ki wajibi ne a kanki gwargwadon iko, saboda faɗin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa: babu cuta, babu cutarwa. Cutarwar a nan sananniya ce. Ana yawan gano wannan ciwo tsakanin mako na 24 da na 28, lokacin da sinadaran da mabiyiya ke fitarwa suke raunana aikin insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini, sai sukari ya taru a jinin uwa ya ratsa zuwa ga abin da ke cikinta, jariri ya yi girma har ya haura kilo 4, naƙuda ta yi tsanani, wani lokaci sai an yi tiyata, kuma sukarinsa yana iya faɗuwa bayan haihuwa.

Saboda haka tsoron surukarki tsoron ƙauna ne, amma abin da take gudu yana cikin yawan cin, ba cikin taƙaita shi ba. Mijinki ya fi dacewa ya yi mata bayani cikin ladabi. Shi ne kuma Allah ya ɗora wa ciyarwa da kyautatawa a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, kuma kyautatawa a halinki ita ce wake, ƙwai, kifi, zogale da miyar ganye, tare da ɗan madaidaicin tuwo. Ina jan hankali a kan zuma da dabino, domin mutane da yawa suna ruɗuwa: falalarsu ta tabbata, amma dukansu suna ɗaga sukari, kuma cinsu ba farilla ba ne, don haka kada ki wuce abin da likita ya ƙayyade.

Batun azumi kuwa, ba a ɗaukarsa hanyar rage ƙiba ga mai ciki, domin likitoci ba ramewa suke nema daga gare ki ba, so suke nauyinki ya ƙaru a hankali. Doguwar yunwa da ƙishirwa a zafin Gombe suna iya kayar da sukari, musamman ga mai allurar insulin, sannan kunu da lemo a buɗe-baki su harba shi sama. Anas ɗan Malik Alka'abi ya ruwaito cewa Allah ya sauke wa mai ciki da mai shayarwa azumi, kamar yadda ya zo a wurin Tirmizi da Nasa'i. A mazhabarmu ta Malikiyya mai ciki tana ɗaukar hukuncin mara lafiya: idan tana tsoron ƙaruwar ciwo ya halatta ta sha, idan kuwa tana tsoron halaka ko cuta mai tsanani ga kanta ko ga cikinta, shan ya zama dole, kamar yadda Shehu Khalil ya tabbatar a Mukhtasar. Idan likitanki ya hana ki, ba ya halatta ki yi.

Abin da ke kanki shi ne ramuwa kawai, ba tare da ciyarwa ba, wanda shi ne ra'ayin da mai littafin Risala, Ibn Abi Zaid, ya gabatar. Shafi'i da Ahmad sun ƙara ciyarwa ga wadda ta sha don tsoron abin da ke cikinta kaɗai, amma na farkon ya fi ƙarfi a ganina, tunda ke ciwo ne a jikinki. Ki rama bayan kin yi tsarki daga biƙi, kin samu ƙarfi, an kuma sake gwada jininki makonni 6 zuwa 12 bayan haihuwa an ga yadda sukarin yake.

Wallahu a'alam.