Hukuncin buɗe shago da sunan ɗan ƙasa ana biyansa duk wata

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni tela ne, a Makka aka haife ni amma da iƙama, takardar izinin zama ta baƙi, nake zaune, iyalina duk suna nan. Na tara riyal 60,000, yayata da mijinta ya rasu ta ƙara mini 25,000 daga gadon 'ya'yanta. Ina so in buɗe shagon ɗinki a wajen Shara Mansur. Ɗan kawuna ɗan ƙasar Saudiyya ne, ya ce zai fitar da sijil, wato rajistar kasuwanci, da sunansa, ya ɗauke ni a matsayin ma'aikacinsa, ni kuma in riƙa ba shi riyal 1,500 duk wata, ko an samu ko ba a samu ba. Jari da aiki da riba duk nawa ne. Wani malami ya ce mana babu laifi, hayar lasisi ce kamar hayar shago, kuma dokar gwamnati ba ta haramta abin da Allah ya halatta. Shin kuɗin da zan riƙa ba shi halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a sana'arka, ya jiƙan mijin yayarka.

Ka tambayi hukuncin riyal 1,500, amma abin da ya yanke magana shi ne faɗarka cewa jari da aiki da riba duk naka ne. Da ɗan kawunka ne zai zuba kuɗinsa, shagon ya zama nasa da gaske, in an faɗi shi ya faɗi, kai kuma kana ɗinki da albashi, da sai in ce ka fara gobe. Abin da ka siffanta kuwa shi ne tasattur, baƙo ya yi kasuwancin kansa a bayan sunan ɗan ƙasa. Bai halatta ka ƙulla shi ba, kuɗin kuma bai halatta ga ɗan kawunka ba, kuma Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta hana irinsa tun 1402 bayan hijira. Ba za a ce tarayya ce ba, domin yanka wa abokin tarayya wani adadi ko an samu ko ba a samu ba yana ɓata ta, wannan babu saɓani a kai.

Maganar malamin da ya ce haya ce ita za mu tsaya a kai, don ta bazu a tsakanin 'yan'uwanmu na Makka da Jidda, har ana tura ta a WhatsApp kamar nassi. Haya tana inganta ne a kan amfanin da mai bayarwa ya mallaka, yake kuma da ikon miƙa wa wani. Mai gini ɗakinsa ne, ya ba ka makulli, aka rubuta a Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, kowa ya gani. Sijil kuwa izini ne da Ma'aikatar Kasuwanci ta ba mutum shi kansa, bisa sharaɗin kasuwancin nasa ne, kuma wanda ya ba shi ya hana shi ara wa wani. Yaya mutum zai ba da hayar abin da aka hana shi bayarwa? In an cire wannan, abin da ya rage yake karɓar kuɗi a kansa shi ne sunansa da tsaya maka a gaban hukuma, wato alfarma da lamuni. Malamanmu na Malikiyya kan ce abu uku ba a yin su sai don Allah: rance, lamuni da alfarma. Ibnul Munzir ya hakaito ijma'i a kan hana karɓar lada don lamuni. Waɗanda suka sassauta a kan alfarma sun ce sai in mai ita ya yi tafiya, ya sha wahala, ya kashe nasa, to ya karɓi daidai wahalarsa. Sijil yau daga kan waya ake fitar da shi. Wace wahala ce za a yi ta biya wata bayan wata har illa masha Allahu?

Sai cewarsa doka ba ta haramta halal. Gaskiya ne babu sarkin da zai mayar da ɗinki haram, kuma ba wanda ya ce haka. Amma tsara kasuwa, wa zai shiga kuma da wane sharaɗi, aikin shugaba ne tun zamanin sahabbai. A cikin Muwaɗɗa, Umar, Allah ya yarda da shi, ya tarar da Haɗib ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi, ya ce masa ko ya ƙara farashi ko ya tashi daga kasuwar. Zabibi halal ne, Haɗib kuma mutumin Badar ne, amma bai ce da Umar ba ruwansa ba. Maslahar wannan doka ma a fili take. Dillalin da zai ba shagon bashin bandir ɗin yadi, da yaron da za a ɗauka aikin guga, sunan da ke jikin takarda suke dogara da shi. Ranar da aka ci haƙƙinsu, mai sunan zai ce shagon ba nasa ba ne, mai shagon zai ce shi ɗan aiki ne. Mu ma ajiye biyayya ga shugaba a gefe. Za ka sa hannu a Qiwa, shafin gwamnati na kwangilar ma'aikata, cewa kai ma'aikaci ne, alhali kai ne mai gida. Za a nuna an tura maka albashi ta banki, alhali kuɗinka ne ka zagaya da su. Kowace shekara a sabunta wannan ƙarya. Malamin ya faɗa muku wace mazhaba ce ta halatta ta.

Dokar da aka fitar a Muharram 1442, wato 2020, ta tanadi ɗauri har shekara 5 da tara har riyal miliyan 5, ga ƙwace abin da aka samu, ga rufe shago, baƙo kuma a fitar da shi daga ƙasar. Wanda ya kai rahoto yana iya samun har kashi 30 cikin ɗari na tarar, don haka ka daina ƙirga cewa ba wanda zai sani. Kuɗin shago ya shiga asusunka, ko a samu cek a aljihun teburinka da sa hannun ɗan kawunka ba a cike shi ba, irin waɗannan su ake bi. Kai da aka yanke wa cibiya a Makka, in aka ce ka fita, ina za ka sauka da iyali?

Ba na zargin ɗan kawunka da mugun nufi, wataƙila ma taimako yake gani ya yi. Amma rai ba a hannunsa yake ba. In ya rasu, kekunan ɗinkin da kuɗin da ke banki duk gado ne a idon kotu, magadansa kuma ba su yi maka alkawarin komai ba. In bashi ya hau kansa aka rufe asusunsa, cinikinka ya tafi tare. Ba za ka kai ƙara ba tare da ka tona kanka ba, takardar sirri da za ku rubuta tsakaninku kuma hujja ce a kanku ku biyu. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Abin da ka ambata a taƙaice ka wuce shi ya fi tsaya mini a rai: kuɗin marayu. Juya dukiyar maraya don kada zakka ta cinye ta abu ne sananne, amma waliyyi ne ke yi, a inda ake kyautata zaton tsira, da shaidu da rubutu. Wurin da hukuma za ta iya ƙwacewa, wanda ko sunansu ba zai fito a takardarsa ba, bai cika wannan sharaɗi ba. Yardar yayarka ba ta wanke ka, don ba kuɗinta ba ne. Ka mayar mata da 25,000 ɗin a gaban shaidu, ko da shagon bai yiwu ba gaba ɗaya.

Hanyoyin halal ba su da yawa, ba zan ɓoye maka ba. Ko ɗan kawunka ya buɗe da kuɗinsa, da lasisin baladiyya, wato hukumar gari, da asusun shago na kansa, ya yi rajistar harajin VAT in cinikin shekara ya wuce riyal 375,000, kai kuma ka yi masa aiki da kwangilar gaskiya. Kada ka ranta masa jarin don a kewaye, wannan ma dokar ta ƙirga shi. Ko ka nemi lauya mai lasisi ya duba maka hanyar Ma'aikatar Zuba Jari, ko da yake sharuɗɗanta kan yi wa ƙaramin jari nauyi. Ko ka sa kuɗinka a gida, Kano ko wani gari, hannun wanda ka amince da shi, da rubutu.

Wanda ya riga ya shiga, ladan ɗinkin da ya yi da hannunsa nasa ne, amma ya tuba ya nemi mafita ta hannun lauya, don wa'adin gyara da gwamnati ta bayar ya ƙare tun Fabrairun 2022. Kai kuma ka je da kanka ka faɗa wa ɗan kawunka cikin lalama, ka gode masa, kafin kawu ya ji daga bakin wani a ɗauka raini ne. Wallahu a'alam.