Amsa kan MOF mai ƙarfe biyu, daga muryar da aka tura zauren ɗaliban kemistiri

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Ƙanwata, na saurari tambayarki. Kin ce kin haɗa MOF-74 (wani nau'in MOF, wato kiristal mai ƙananan ramuka da ake ginawa da ƙarfe da sinadaran kabon) da maganiziyam da nikel, XRD (gwajin tsarin kiristal da hasken X-ray) ya fito tsaf, ICP (gwajin adadin kowane ƙarfe) ya ba ki rabi da rabi, shin za ki iya rubuta cewa ƙarafan sun gauraya cikin kiristal ɗaya? To gaskiya tukuna. Kada ki rubuta.

Kin ga ICP narkar da garin ake yi a asid kafin a auna, adadi kawai zai faɗa miki, ba zai faɗi inda kowane ƙarfe ya zauna ba. Mudun shinkafa da mudun wake, ko an dafa su garau-garau ko kowanne yana kwanonsa, a sikeli jimillar nauyinsu ba ta canzawa. Shi kuma XRD, girman maganiziyam da nikel ya yi kusa ƙwarai, 0.72 da 0.69 a ma'aunin angistirom (kashi ɗaya cikin goma na nanomita), don haka layukan suna hawa kan juna. EDX na SEM ma, wato gwajin gano ƙarafa a madubin ilektaron, yankin kusan maikiron guda (nanomita dubu) yake gani, alhali ramin MOF-74 bai fi nanomita ɗaya da ɗan ɗoriya ba.

Abin da zan ba ki shawara shi ne NMR na daskararren abu, wato gwajin da ake girgiza haidurojin da ke cikin garin a cikin maganaɗisu, a auna yadda yake komawa daidai. Ki saurara da kyau nan. Nikel yana da ilektaron marasa abokin zama, wato yana da ɗan maganaɗisu, maganiziyam ba shi da shi. Duk haidurojin da ke kusa da nikel, bayan an girgiza shi, da sauri yake komawa daidai. Wanda ke zagaye da maganiziyam zalla kuwa sai ya ja lokaci. Idan kika ga kashi biyu, ɗaya mai sauri ɗaya mai jinkiri kamar na maganiziyam zalla, to kiristal iri biyu ne a kwalbarki. Idan duka sun yi sauri, sun gauraya ke nan.

Kuma don Allah ki yi samfurin gwaji: ki haɗa na maganiziyam daban, na nikel daban, ki cuɗa su da hannu, ki auna tare. Wannan aikin ba ya cin kuɗi, amma mutane da yawa suna tsallake shi, abin yana damuna.

Ko rukunin Omar Yaghi, wanda ya samu Nobel a 2025 tare da Kitagawa da Robson, sun zuba ƙarafa har goma cikin MOF-74 a 2014, amma sai a 2020 suka iya karanta jerin wasu ƙarafa a kan sandar da ƙarafan ke jeruwa a cikin kiristal ɗin, suna ɓamɓaro atam ɗaya-ɗaya. Suka tarar wani wuri a warwatse, wani wuri iri ɗaya ya jeru, kuma zafin da aka dafa shi yana canza jerin. Don haka ki rubuta zafin kowane haɗi da kika yi.

Turo min hoton XRD ɗin ta akwatina, zan duba bayan Isha'i in sha Allahu.