Jemagu sun tare a silin, guba zan sa ko toshewa zan yi?

Ka ce jemagu sun cika maka silin, wari da kuka sun hana ka barci, kana tunanin sa guba ko toshe ramin. Don Allah kada ka yi ko ɗaya. Guba tana barin mushe yana ruɓewa a saman kanka, toshewa kuma kulle su za ta yi a ciki har yunwa ta kashe su.

Aikin shi ne a bar su su fita amma a hana su komowa. Ka tsaya a waje da magariba kwana biyu, ka ga inda suke fitowa. Ko tsagar santimita 1.5 ma ta ishe su wucewa. Toshe sauran ƙananan kafofin, ka bar babbar. A bakinta ka kafa bututun roba mai santsi, faɗin santimita 5, tsawon kamar 25, bakinsa na kallon ƙasa. Za su zame su fita, santsi ya hana su hawa. Bayan dare bakwai ka cire, ka rufe da ragar ƙarfe.

Babban kuskure shi ne yin wannan lokacin goyo: uwa tana waje, 'ya'yan da ba su iya tashi ba suna ciki. A jira sai sun fara tashi.

Kashinsu kuwa, a yayyafa masa ruwa kafin a kwashe, a sa safar hannu da takunkumin N95 mai tace ƙura, domin ƙurarsa tana kawo cutar huhu. Idan ya taru da yawa, kira ƙwararru. Wanda jemage ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu minti 15, ya tafi asibiti ranar saboda cutar haukan kare.